Ƙwan Zabuwa da Dokar Maimaici

A Dajin Gamji kowa ya san wurinsa, har magana ma ta san nata. Tsakiyar dajin akwai wani tsohon gamji da ake kira Dandali. Duk dabbar da ke da abin faɗa sai ta rubuta a ganyen kalgo, ta soke shi da ƙaya a reshen da ya dace: na cigiya daban, na talla daban, na barka da jaje daban. Kowace safiya Sarki Ɓauna yakan bi ta ƙarƙashi ya ɗaga kai. In ya ga rassan tsaf, sai ya tabbata talakawansa ba su da damuwa.

Sarkin Dandali shi ne Tunku, kuma shi ya kawo dokar maimaici: maganar da aka taɓa kafawa, duk ganyen da ya sake kawo irinta sai a cire shi a cusa bayan na farko. Dokar ta yi amfani, ba a musu. Kafin zuwanta Aku kaɗai kan cika reshe guda da tambayar yaushe za a yi ruwa. Mai cire ganyen kuwa ita ce magatakarda Hawainiya, wadda ke sauya launi sau goma a yini amma ba ta taɓa sauya doka ba.

A daminar nan Zabuwa ta saka ƙwai goma sha biyu. Wata rana ta dawo kiwo ta tarar da sha ɗaya. Ta kafa ganye a reshen cigiya, aka ce ba nan ne muhallinsa ba, ta kai reshen koke. A can aka gano Fakara ta taɓa kukan ɓatan ƙwai shekara biyu da suka wuce, sai aka cusa ganyen Zabuwa bayan nata. Kashegari wani ƙwan ya ɓace, ta sake rubutawa, aka sake cusawa. Da suka rage huɗu, hankalinta ya tashi, ta nufi majalisa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta ga Sarki, "ƙwan da ya ɓace jiya ba shi ne na shekaranjiya ba. Ni na saka su, na san su ɗaya-ɗaya. Ta yaya za a ce ina maimaita magana?"

Tunku ya miƙe, ya gyara gashin baki. Ya yi ƙiba a daminar nan, kowa kuma ya ɗauka albarkar aiki ce.

"Allah ya taimaki Sarki," ya ce, "ba mu hana kowa magana ba, tsari muke karewa. Muna tausaya wa 'yar'uwarmu Zabuwa matuƙa. Amma in kowane ƙwai zai sami ganyensa, gobe kowane gashi ma zai nemi nasa. Sarki ya duba reshen koke da idonsa."

Sarki ya duba, ya ga ganye ɗaya tak a kan ƙwai, shi ma ya bushe. Ya ce ƙorafi ɗaya cikin shekara biyu abin godiya ne. Majalisa ta kafa kwamitin da zai binciko ko ƙwai ya bambanta da ƙwai, ta ba Tunku shugabancinsa. Kafin kwamitin ya zauna, ƙwan Zabuwa ya koma uku.

Ana cikin haka Sarki ya cika shekara goma a kan mulki. Tun safe dabbobi suka yi layi suna kafa ganyen taya murna, Hawainiya na biye tana aikinta a hankali. Da Sarki ya iso da hantsi ya ɗaga kai, ganye ɗaya ya gani a reshen barka, na Dila.

"Duk dajin nan," ya ce, "Dila kaɗai ya tuna da ni?"

"Ranka ya daɗe, sun fi ɗari uku," in ji Hawainiya. "Amma duk magana ɗaya suka yi, wai Allah ya ja zamaninka. Suna nan a baya, na cusa su yadda doka ta ce."

Nan take Sarki ya gano dokar maimaici zalunci ce. Ya soke ta, ya ba da umarni a fito da duk ganyen da aka taɓa cusawa, kowane a ba shi ƙayarsa. Yabon Sarki ya cika reshe guda, ransa ya yi fari. Kukan ƙwai ya cika rassa uku, har ya gangaro jikin bishiyar. Fakara ta ga na Kurciya, Kurciya ta ga na Zabuwa. Kowace ashe tana zaton ita kaɗai abin ya shafa, kuma kowace ta rubuta irin sawun da ta gani bakin sheƙarta: gajerun ƙafafu da alamar jan wutsiya a ƙasa. Sai duk aka waiwaya gefen Tunku.

Ba a hukunta Tunku ba, don majalisa ba ta son tonon silili a ranar murna. Ƙarin girma aka yi masa, aka tura shi hayin rafi ya kula da koken kifaye, waɗanda ba su iya rubutu ba.

Ƙwai biyu suka rage wa Zabuwa, dukansu kuma suka ƙyanƙyashe. Ta zo Dandali da ganye biyu, ta kafa su kusa da juna a reshen barka, kalma ɗaya ba ta bambanta ba: "Na samu ƙaruwa." Hawainiya ta juya ido ɗaya kan na farko, ɗayan kan na biyu. Ta daɗe a haka, sannan ta miƙa hannu ta ƙara danna ƙayoyin biyu, don kada iska ta ɗauke ko ɗaya.