Yadda Ake Kula Da Bakin Tsoho Ba Tare Da An Buɗe Shi Ba

Kai da aka damƙa wa gidan kula da tsofaffi a garin Kottayam, matso kusa. Bi matakan nan, na rantse maka babu ɗan da zai taɓa kiranka daga ƙasar waje ya ce bakin ubansa na wari. Wari ba ya bin waya.

1. Sayi buroshi, amma kada ka jiƙa shi

Jera su a kofuna, kowanne da sunan mai shi, inda baƙo zai fara gani. Buroshin da bai taɓa haƙori ba ai ba ya tsufa. Wannan shi masana ke kira tattali.

2. Haƙoran roba, bokiti ɗaya

Wa ke da lokacin wanke na kowa daban? Zuba su tare, da safe kowa ya laluba. Ɗauki misalin Baba Ouseph, tsohon mai hawan bishiyar kwakwa, wanda a zamaninsa da haƙori yake ɓare ta. Ya kira mai aiki: "Bindu, 'yata, waɗannan ba nawa ba ne, ciwo suke ji mini."

Ta ce, "Haba Baba, kai dai da ƙorafi! Jiya ma haka ka ce." Yarinyar nan ka ƙara mata matsayi.

3. Kunun shinkafa

Dasashinsa zai kumbura, ya fashe, ya yi ruwa. Kada ka kira likita, likita surutu gare shi. Kunu safe, kunu rana, kunu dare. In zanen da yake ɗaurawa ya fara zamewa daga ƙugu, taya shi murna, ka ce ƙiba ce ke kashe tsofaffi.

4. Ranar waya

'Yarsa Lissy ma'aikaciyar jinya ce a Kuwait, kullum tana wanke bakin iyayen wasu. Ita ce abin tsoro. In ta kira ta bidiyo, riƙe wayar da kanka, daga nesa. Baba Ouseph ya sha alwashin gaya mata, ya ma shirya kalmomin. Da ya fara "Lissy, bakin nan nawa," sai ka ce sabis ya ɗauke.

5. In ta faɗo babu sanarwa

Kada ka gudu! Tsaya ka sha kallo. Ta shigo da dafaffen rogo da miyar kifi ja wur da barkono, girkin hannunta, ta tsuguna a gabansa. "Baba, ci. Na san suna kula da kai, ko? Gaya mini gaskiya, in ba haka ba in ajiye aikin in dawo."

Ya dube ta. Ta rame, idanunta sun faɗa, ga 'ya'ya uku tana karantarwa ita kaɗai. Tausayinta ya kama shi. Ya ɗebi loma ya kai kan gyambon dasashinsa. Hawaye shar.

"Baba, lafiya?"

"Girkin uwarki na tuna, 'yar nan. Ƙaro mini."

Ya cinye tas. Ka gani? Kai ko ƙarya ba sai ka yi ba, tsohon ne zai yi maka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba ya ɗaukar alhakin ƙurji, zazzaɓi ko jana'iza. Wanda kuma ya zagaya bayan ɗaki bayan motar Lissy ta fita, ya tarar da tsoho durƙushe yana tofar da jini a kwata, to ƙafarsa ce ta kai shi. Ni dai ban aike shi ba.