Igiyar da Na Ɗaura wa Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi koya wa makauniya hanyar gidanta. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ne, na samu aikin akawu, ina jin duk unguwarmu ta Limawa babu wanda ya kai ni. A lokacin idon Kaka ya rufe gaba ɗaya, Gwaggo Asabe kuma ta aiko daga Beji cewa ran Lahadi za ta zo ta tafi da ita, wai gidanmu tarkace ya yi yawa. Ni ko ban iya tunanin gidan babu Kaka ba.

Sai na zage. Na kwashe turmi, na cike kwata da ƙasa, na ja kwatarniyar da Inna ke jiƙa gero na kai ta bayan rumbu. Sannan na ɗaura igiya daga ƙofar Kaka har bayan gida. (Ban tambayi kowa ba. Akawu guda zai tsaya shawara?)

Gwaggo ta iso, maƙwabta mata sun cika tsakar gida gaishe ta. Na ce a zuba ido a ga dabara. Na ɗaure fuskata da ɗankwalin Inna, na kama igiya, ina taku ina bayani.

Daga kan tabarmarta Kaka ta ce, "Maigida, taku bakwai ka kauce hagu, kwatarniya na nan."

Na ce ai tun jiya na ɗauke ta. Ashe da sassafe Inna ta mayar da abarta mazauninta na shekara da shekaru, Kaka kuwa ta ji ƙarar janta. Taku na bakwai na afka ciki. Na miƙe tsamo-tsamo, gero har cikin kunne, ɗankwali a fuska, ina lalube. Mata suka yi ta dariya, Gwaggo har da riƙe ciki.

Kaka ta tashi ba sanda ba igiya, ta zagaye kwatarniyar, ta kamo hannuna.

"Asabe, koma Beji abinki. In na bi ki, wa zai yi wa mijina jagora?"

Kunya ta kusa kashe ni, amma daɗin da na ji ya fi ta. Kaka ta zauna, igiyar ta koma ta shanya. Tun daga ranar, ko kujera zan matsar a gidan wani, sai na tambayi mai zama a kanta.