Tandar Samudawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban aji a Madina da guntun kasko a hannu. A farkon shekarun tamanin ne. Shari'a na je karantawa, amma rawar kai ta sa na ƙara da wani ƙaramin fanni na nazarin mutanen da, inda ake haɗa tarihi, tsoffin rubuce-rubuce da kayan da ake tonowa a ƙasa.

Malaminmu, wani dakta Bamisre marar fara'a, ya ce ɗalibi ɗaya tak zai ɗauka zuwa kufan Samudawa a arewa, wanda ya fi kowa kawo bincike mai ma'ana. Na sa wa raina sai ni.

A wani tsohon lambun dabino a Ƙuba na tsinci abin: baƙin kasko mai kauri, da ramuka uku zagayayyu. Sati biyu ina aunawa ina zanawa, na cika shafi goma sha ɗaya. Hukuncin da na yanke shi ne, a cikin ramukan nan Samudawa suke narka azurfa (ko sau ɗaya ban tambayi mai lambun ba, kar ya ce shi ma da rabonsa a sunan da zan yi).

Ranar gabatarwa na yi bayanina a gaban aji. Dakta ya juya kaskon, ya shinshina, ya haɗe rai. Daidai nan Baba Isufu, dattijon Damagaram da ke kawo wa malamai shayi, ya shigo. Ya ajiye tire, ya leƙa, ya ce da ƙarfi:

"Ya waladi, me tandar waina ke yi a aji? Ta Hajiya Kande ce ta Ƙuba wallahi, bara ta fashe mata."

Dakta ba ya jin Hausa, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a ɗaliban. Ya dube ni ya ce, "Me ya ce? Fassara."

Na so in yi ƙarya, har ta zo bakina. Amma Baba Isufu yana jin Larabci sarai, ga shi tsaye yana jira. Haka na fassara da bakina, har da sunan Hajiya. Ni da na girma a Kano ina cin waina kowace safiya!

Sai da aka gama dariya dakta ya tambaye ni, a natse, ko man da ke jikin kaskon ma na Samudawa ne. Wani ɗan Yaman aka tafi da shi kufan Samudawa.

Tun daga ranar, kafin in ɗora wa kowane tarkace shekara dubu biyu, sai na fara nuna wa tsofaffin unguwa.