Saiwar Jini a Ranar Ɗaurin Aure

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar auren ɗan yayata ba. Ni dai a unguwarmu ta Ƙuba kowa ya san ni da fariyar cewa kakana magori ne, saiwa dubu ya sani, ni kuma na gaje shi kaf. (Gaskiyar magana, ban wuce citta da kanumfari ba.)

Ni ne wakilin ango, bayan la'asar zan nema masa aure a gaban dangin amarya. Da hantsi na leƙa gidan maƙwabcina Malam Idirisu, wanda ya dawo daga wurin 'yarsa a Kanada. Ya nuna min wata jar saiwa, guntuwa kamar yatsa. Wai farin fure gare ta a dazukan can, in an yanka ta sai ka ce jini, mutanen da kuma kan yi maganin haƙori da ita.

"Amma Alhaji, ba a..."

"Haba Malam! Asuwakin ƙasar sanyi ne. Kakana da ita yake karin kumallo."

Na jefa ta a aljihu. A mota, kan hanyar Aƙiƙ, unguwar su amarya, na shiga tauna ta ina goge haƙora.

Kafin mu isa, bakina ya kama da wuta. Leɓena ya kumbura, jan yawu ya ɗiga a kan farar jallabiyata. Na duba madubi, gabana ya faɗi: kamar na cinye rago ɗanye. Mahaifin amarya kuwa dattijon Sudan ne da ya yi shekara guda yana binciken asalinmu. In na ɓata wannan zama, yayata ba za ta sake gaishe ni ba.

Aka zauna, liman ya dube ni. Na buɗe baki.

"Muna nebba wa ɗammu..."

Dattijon ya zabura. "Salamat, ya Haj! Lafiya? Wa ya buge ka? A kira motar asibiti!"

Ango ya sunkuyar da kai, gumi na zuba. Allah ya taimaka, Malam Idirisu, da shi ma ya zo taron, ya matso ya karɓi wakilcin, aka ɗaura auren ina bayan ginshiƙi rungume da robar ruwa.

A hanyar asibiti Malam Idirisu ya dafa kafaɗata.

"Alhaji, cewa zan yi ba a tauna ta. Amma madalla. Kakanka ya san dubu, kai ma yau ka san ɗaya."