Ƙyauren da Na Hana a Fere

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da daminar shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira ba. A lokacin ina zaune a Kafanchan, ina kwafar littattafan ajami da hannu, aikin da ba ya son hayaniya. Gidana kuwa kasuwa ne: ga turmi, ga keken ɗinkin uwargida, ga yara. Ƙyauren ɗakin karatuna na langa-langa ne, ko kaza ta yi tari a tsakar gida sai na ji.

Sai na tafi wurin Baba Yohanna kafinta, mutumin Kwoi, maƙwabcinmu. Ya nuna mini wani ƙyaure mai sheƙi, ya ƙwanƙwasa shi. "Ka ji, Malam? Cikinsa wayam, ganga ne. Wannan ƙara maka surutu zai yi." Muka tsaya a kan katakon maɗaci mai kauri, a zagaye gefensa da robar tayar keke.

Ranar kafawa ya ɗauko abin fira zai rage gefen. Na riƙe masa hannu.

"Malam, katako yana shan ruwa. Damina ya zo, zai kumbura. Bar masa wurin numfashi."

Na ce inda iska ta bi, nan surutu zai bi, ko zare ban yarda ya wuce ba. (Ni da ban taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba.) Har na ƙara da cewa in ya kumbura, zan zo shagonsa in faɗa a gaban jama'a cewa ya fi ni sani. Na kuma kafa doka a gida: in ƙyauren nan yana rufe, ko gobara ake yi kada a taɓa shi.

Ana nan aka haifa mini jikan fari, ɗana ya bar mini zaɓin suna. Na ƙi gaya wa kowa, wai sai ranar. Kwana uku ana tafka ruwa. Da safiyar suna, bayan na dawo masallaci, na sa farar babbar riga, na shiga ɗakin in ɗauko tasbaha, na banka ƙyauren da kafaɗa ya rufu. Da na zo fita, ya ce bai san zancen ba. Na ja, na ja, sai ga mariƙin a hannuna, ni kuma a ƙasa, kwalbar tawada a ƙirjina.

Na yi sallama da ƙarfi. Na kira uwargida, na kira ɗana, har na koma ihu irin wanda bai kamaci mai furfura ba. Mata na daka, ba wanda ya ji. Liman na zaure yana shirin tashi zuwa wani sunan, rago a ɗaure, jariri ba suna, mutanen gida kuwa suna bin dokata sau da ƙafa.

Baba Yohanna ne, da ya zo taya murna, ya dubi sama ya dubi ƙyaure, ya ce, "Malam ba zikiri yake ba. Ku kawo kafaɗa."

Ƙarti uku suka banke shi. Jama'a suka leƙo, ga ni zaune dirshan, riga baƙa ƙirin. Liman ya ce, "Malam, sunan yaro?" Na buɗe baki, murya ta tafi. Sai na dangwali tawadar rigata da alƙalami na rubuta Sabiru, liman ya karanta wa mutane, ana ta danne dariya.

Da murya ta dawo na je shagon, ranar kasuwa, na ce, "Jama'a ku shaida, Baba Yohanna ya fi ni sanin katako."

Ya ce, "Mun rabu lafiya, Malam. In zo in fere?"

Na ce ya fere, amma kaurin farce kawai, kuma ya sani ban yi nadama ba. Ƙyauren da zai hana surutu wucewa na nema, kuma duk Kafanchan ba wanda ya gwada nasa kamar yadda na gwada nawa. Dokar ce dai na soke, don na gane ƙyauren da ya hana ka jin mutane, su ma ya hana su jin ka.