Jirgin Komawa Kaduna

Ƙarfe shida na safe na bar unguwar Trikaniya a Kaduna riƙe da Bulus, ɗan yayata, bisa alkawarin dawo da shi kafin dare. Duk hutun kwaleji na yi ina bincike har na gano tikitin jirgin ƙasa na Kafanchan mafi araha, don haka da Yaya ta ce mu bi mota, ko kallonta ban yi ba.

Ashe jirgin kowace tasha yake tsayawa. Sai la'asar muka isa. Na daure na yi ta tambayar jirgin komawa, har wata tsohuwa da muka zauna tare ta ba ni amsar da ake tsokanata da ita har yau:

"'Yata, ai shi ne kika ɗaga yaron nan ya yi wa bai-bai a tashar Zonkwa. Sai jibi."