Mai Sallama Ya Rasu Ana Zaman Makoki a Yako

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mujitaba Bebeji yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar abin ƙaunarsa, guntun manhajar nan da ya raɗa wa suna Mai Sallama.

Ga wanda bai san marigayin ba, a can ƙuryar manhajar da ke tuƙa kwamfuta yake zaune, wurin da masu sana'ar ke kira kanel. Aikinsa ɗaya ne: in ka rubuta sunan shafin intanet, shi zai fita ya tambayo lambar gidan da shafin yake. Mujitaba ne ya rubuta shi, shi ya raine shi shekara da shekaru a cikin ƙungiyar masu kula da manhajar, waɗanda ke warwatse a duniya ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Ba za a yi wa mamaci ƙarya ba, marigayin mummuna ne. Faci kan faci, kamar tayar ɗan acaɓa a hanyar Kiru. Shi kansa Mujitaba in ya buɗe shi sai ya yatsine fuska. Amma fa yana da tarbiyya. In ya yi sallama sabis bai amsa ba, ba ya juyawa. Sai ya dakata, ya sake, ya kuma sakewa, in abin ya faskara ya tuno amsar jiya ya kawo maka. Muryarsa ba ta wuce 'yar ƙarar nan ba, "ƙit… ƙit…", sannan ya rubuta, "Ana jira." Da wannan haƙurin ne ƙanwar Mujitaba, Luba, ungozoma a wani ƙauye bayan Doguwa, take tura wa likita bayanin masu naƙuda, a inda sabis ke leƙowa ya koma.

Ajali ya zo masa ba ciwon kai ba zazzaɓi. Kawun Mujitaba ya rasu a Yako, Mujitaba ya tafi zaman makoki. Yana zaro waya, Malam Shitu, dattijon gidan, ya dube shi ya ce, "Ɗana, tabarmar nan ba ofis ba ce." Mujitaba ya kashe ta ya jefa aljihu, bai sake kunnawa ba har aka yi addu'a aka watse. A kwanakin ne wani saurayi, a ƙasar da ba a san ɗaukewar sabis ba, ya ɗauki tsintsiya wai zai share kanel. Ya ce marigayin tarkace ne, babu mai buƙatar irin wannan jira a zamanin nan. Dokar ƙungiyar kuwa, mai kula da sashe in ya yi shiru ya yarda ke nan. Aka goge shi, har ana yaba tsabta. Tir da wannan aiki! Mutum yana kan tabarma yana amsa "Ya haƙuri?", su suna can suna yanka masa ɗa da sunan kwaskwarima.

Wanda ya gaje shi gajere ne, sumul, marar kunya. Sallama ɗaya yake yi, ya juya ya ce ba a sami sunan ba.

Marigayin ya bar wasu layukan bayani da aka manta ba a goge ba, marayu, suna nuna abin da babu shi. Ya bar Mujitaba, wanda ya kai wa ƙungiyar ƙorafi aka ce ya kawo hujja, tunda a wajensu komai lafiya lau. Ya kuma bar Luba, wadda ta sabunta kwamfutarta cikin rashin sani, ta bugo tana cewa, "Yaya, me ka yi wa abin nan? Ya daina haƙuri, ga mace a kwance!"

Babu wanka, babu likkafani. Gawar tana ajiye a tarihin manhajar, Mujitaba bai yarda a rufe ta ba. Ranar Asabar da safe za a saka ta a kwamfuta, a ɗauke ta a babur daga Bebeji, a bi ta Tudun Wada zuwa ƙauyen Luba, a gwada ta gefe da gefe da magajin, a ɗauki bidiyo a tura wa masu tsintsiya su gani da idonsu. Mai son ta'aziyya ya bugo waya, a kunne take. Zaman makoki kam ba za a yi ba, domin na wancan karon shi ya kashe marigayin.